Tarihin Jimi Hendrix: Bahagon Da Ya Ɗora Babban Yatsa A Wuyan Jita Ya Canza Kiɗan Duniya

Yau a jerin tarihin mawaƙa da makaɗa za mu ɗan bar gida mu leƙa Amurka, mu ɗauko wani mutum da ya rasu fiye da shekara 50 da suka wuce, amma har gobe in ana lissafin gwanayen jita na duniya da sunansa ake farawa. Jimi Hendrix ke nan.

Shekara 27 kacal ya yi a duniya, kuma 4 daga ciki ne kawai ya yi yana tashe. Bai gama sakandare ba. Bai iya karanta rubutun kiɗa irin na 'yan makaranta ba. Yadda yake riƙe jitar ma, da a gaban malamin kiɗa ne da an buge masa hannu tun ranar farko, saboda babban yatsansa kullum yana leƙowa ta saman wuyan jitar, wurin da littafi ya ce kada a gan shi. To wannan riƙon shi za mu fi tsayawa a kai, don duk wanda ya gane shi ya gane rabin kiɗan mutumin.

Haihuwa Da Tasowa

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a birnin Seattle da ke jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mahaifinsa Al Hendrix yana aikin soja, don haka mahaifiyarsa Lucille ce ta raɗa masa suna Johnny Allen Hendrix. Da uban ya dawo sai ya canza masa suna zuwa James Marshall Hendrix a 1946.

Gidan ba daɗi. Ga talauci, ga shaye-shaye, ga rigimar iyaye, yau suna wannan ɗakin haya gobe suna wancan. Auren ya mutu a 1951, uban ya riƙe shi da ƙaninsa Leon. Yaron ya taso shiru-shiru mai yawan kunya. A watan Fabrairun 1958 mahaifiyar ta rasu yana ɗan shekara 15, ko jana'izarta bai samu zuwa ba.

Daga Tsintsiya Zuwa Jita

Tun yana firamare aka san shi da yawo da tsintsiya mai doguwar sanda irin ta Turawa, yana rungume da ita yana kaɗawa kamar jita. A 1957, yana taya babansa kwashe tarkace a wani gida, ya tsinci wata 'yar ƙaramar jita da ake kira ukulele, tsirkiya ɗaya tak ta rage a jikinta, kamar dai kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos. Da wannan tsirkiya ɗayar ya riƙa bin waƙoƙin Elvis Presley da kunne. A 1958 ya samu jita ta gaske a kan dala 5, shekara ɗaya bayan nan babansa ya saya masa mai amfani da lantarki.

Malaminsa rediyo ne da faifai. Yana sauraren manyan makaɗan blues na baƙar fatar Amurka irin su Muddy Waters, B.B. King da Howlin' Wolf, ya kasa kunne, ya lalubo sautin a kan tsirkiya har sai ya dace. Wannan yana da muhimmanci a labarinmu, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga inda ake ajiye babban yatsa. Inda sautin ya fi fita da kyau, nan hannunsa ya zauna.

Sannan kuma bahago ne. Ƙaninsa Leon ya ba da labarin cewa babansu ba ya son ya gan shi yana kiɗa da hagu, to in uban yana kusa sai ya juya jitar ya koma dama, in ya fita ya koma hagunsa. Ku riƙe wannan a ranku: da yake da hagu yake kaɗa tsirkiya, hannun damansa ne ke kan wuyan jitar, saɓanin yawancin makaɗa.

Soja Da Yawon Bin Mawaƙa

A 1961 'yan sanda suka kama shi sau biyu a cikin motar sata. Aka ba shi zaɓi, ko gidan yari ko aikin soja. Ya zaɓi soja, aka kai shi rundunar 'yan lema ta 101 a barikin Fort Campbell da ke Kentucky. A can ya haɗu da Billy Cox, mai kaɗa jitar bes, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwa. Manyansa sun ga hankalinsa yana kan jita ne kawai, a 1962 aka sallame shi.

Daga nan wahalar gaske ta fara. Ya shekara kusan huɗu yana bin manyan mawaƙa a matsayin yaron kiɗa, daga wannan gari zuwa wancan, a gidajen rawar baƙar fata, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka. Ya yi wa Isley Brothers kiɗa a 1964, ya bi Little Richard har zuwa 1965, suka rabu saboda saɓani kan makara da irin shigarsa da kuma yadda yake jan hankalin 'yan kallo a kan dandamali. Maigida ba ya son yaronsa ya fi shi haske.

Amma wannan yawon shi ne makarantarsa. Yaron kiɗa aikinsa ya riƙe wa mawaƙi tushen waƙa, ya cike gurbi in mawaƙin ya ja numfashi, kuma kada ya danne masa murya. A nan ya ɗauki salon Curtis Mayfield, wanda ya ƙware wajen danna haɗin sauti sannan ya riƙa yi masa 'yan kwalliya da yatsu. Jimi ya ɗauki wannan ya kai shi inda ba wanda ya zata.

Riƙon Malamai Da Riƙon Jimi

Bari mu yi bayanin abin dalla-dalla, ko wanda bai taɓa riƙe jita ba ya gane.

Jita tana da tsirkiya 6. In ka rataya ta, mafi kaurin ita ce a sama, ita ke ba da murya mai kauri, siririyar kuma tana can ƙasa. Doguwar sandar da ake danna tsirkiyoyin a kanta ita ce wuya, an gitta mata 'yan ƙarafa da suka raba ta gaɓa-gaɓa.

A koyarwar jitar gargajiya ta Sifen, wadda su Andrés Segovia suka yi suna da ita, babban yatsa yana zama ne a bayan wuyan, wajen tsakiya, daidai saitin yatsan tsakiya. Wanda ke gabanka ba zai gan shi ba sam. Tafin hannu ba ya manne wa itacen. Kuma fa suna da hujja: wuyan irin wannan jitar yana da faɗi, wajen milimita 52 a can sama, kuma waƙoƙinsu suna buƙatar yatsu huɗun su ware sosai, kowanne ya sauka da kansa a kan tsirkiya ba tare da ya taɓa ta kusa ba. Babban yatsa a baya shi ke ba da wannan damar.

A wannan tsarin, in kana son haɗin sautin da ya ƙunshi duka tsirkiyoyin, sai ka shimfiɗa manuninka a kansu su 6 kamar sakata, sauran yatsu su danne abin da ya rage. Sautin yana fita cikakke, amma hannun ya ɗaure ke nan. Ba yatsan da zai iya motsi ba tare da abin ya rushe ba.

Shi kuwa Jimi damƙe wuyan yake yi kamar ƙotar fartanya. Tafin hannunsa yana manne da bayan itacen, babban yatsa ya zagayo ta sama ya danne tsirkiya mai kaurin. Allah ya ba shi manyan hannuwa da dogayen yatsu, ga shi jitar da ya fi so, Fender Stratocaster, wuyanta siriri ne, wajen milimita 42. Wannan riƙon ya ba shi abu uku.

Na farko, babban yatsa ya karɓi aikin riƙe murya mai kauri, don haka manuni ya huta da zama sakata. Yatsan zobe da na tsakiya da manuni suka ɗauki tsirkiyoyin ƙasa, ƙaramin yatsa kuwa ya zama ba shi da aikin komai sai kwalliya: ya buga nan ya ɗaga, ya zame can ya dawo. Shi ya sa in ka saurari farkon waƙar Little Wing za ka rantse mutum biyu ne, ɗaya yana riƙe da tushe ɗaya yana zuba ado a kai, alhali hannu ɗaya ne. Haka abin yake a The Wind Cries Mary da Castles Made of Sand.

Na biyu, ƙarfi. A kiɗan blues akwai tura tsirkiya sama har muryarta ta tashi kamar kukan mutum, da girgiza ta ta riƙa rawa. In babban yatsa yana rataye a sama, ya zama madogara, sai ka murɗa tsintsiyar hannu kamar mai murɗa mabuɗi a ƙofa, ƙarfin ya fito daga dantse maimakon ɗan yatsa ɗaya. Ya kuma saba sassauta tsirkiyoyinsa kaɗan ƙasa da yadda aka saba ɗaure su, abin da ke ƙara musu laushi wajen turawa.

Na uku, kashe hayaniya. Jimi yana ƙure amfilifayar Marshall ne har ƙarshe. A irin wannan ƙarar, duk tsirkiyar da ba a danne ba sai ta fara kuka da kanta ta ɓata kiɗan. Babban yatsan nan da ke sama yana taɓa tsirkiyoyin da ba a buƙata ya sa su yi shiru, shi kuma ya samu damar dukan jitar da ƙarfinsa ba tare da tsoro ba.

Gaskiya ba shi ya ƙirƙiro wannan riƙon ba. Tsofaffin makaɗan blues da na kiɗan ƙauyen Amurka irin su Merle Travis sun daɗe suna danna tsirkiya da babban yatsa. Abin da Jimi ya yi shi ne ya gina salonsa kacokan a kansa, ya haɗa shi da ƙarar lantarki, ya fito da shi gaban duniya.

Jitar Da Aka Kifa

A zamanin, jitar da aka ƙera don bahago tana da wuyar samu. Sai ya riƙa ɗaukar ta 'yan dama ya juya ta, ya kwance tsirkiyoyin ya sake jera su yadda mai kaurin za ta dawo sama. Da bai sake jerin ba, da babban yatsansa siririyar tsirkiya zai riƙa tararwa, riƙon nan da muka yi bayani ba zai yi aiki ba. Juyawar ta sa maɓallan murya da ɗan ƙarfen da ake dannawa don lanƙwasa sauti suka koma sama, kusa da hannun da yake kaɗawa da shi. In kuka ga hoton Jimi riƙe da Stratocaster, ku duba kan jitar, za ku ga a kife yake.

Landan Ta Buɗe Masa Ƙofa

A 1966 yana New York yana wasa a wani ƙaramin kulob mai suna Cafe Wha? a unguwar Greenwich Village, kuɗin abinci ma da ƙyar. A nan Chas Chandler, mai kaɗa bes na ƙungiyar The Animals ta Ingila wanda ke shirin komawa manajan mawaƙa, ya gan shi. Ranar 24 ga Satumba, 1966, suka sauka Landan. Aka haɗa masa yara biyu, Noel Redding a bes da Mitch Mitchell a ganguna, aka sa wa ƙungiyar suna The Jimi Hendrix Experience.

Ku lura, su uku ne rak. Babu jita ta biyu, babu mai fiyano, kuma shi ne mai rera waƙar. Wato aikin da ake raba wa mutum biyu a wasu ƙungiyoyin, riƙe tushe da zuba kwalliya, duk a kansa yake. A nan ne riƙon babban yatsan ya biya shi.

Mako ɗaya da zuwansa ya hau dandamali tare da ƙungiyar Cream, inda Eric Clapton yake, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a Ingila. Labarin abin da baƙon nan ya yi a daren ya zagaye makaɗan Landan kaf. Waƙar Hey Joe ta fito a Disambar 1966, Purple Haze ta biyo baya a Maris 1967. Kundinsu na farko, Are You Experienced, ya fito a Mayun 1967 ya kai matsayi na 2 a Ingila, kundin Sgt. Pepper na The Beatles ne kawai ya tare masa gaba.

Monterey Da Woodstock

Har lokacin a ƙasarsa ba a san shi sosai ba. Ranar 18 ga Yuni, 1967, a bikin kiɗa na Monterey da ke California, ya yi wasan da ya ƙare da zuba wa jitarsa mai ya cinna mata wuta a gaban jama'a. Daga ranar Amurka ta san da shi. Ana yawan tuna shi da wannan, da kaɗa jita da haƙori ko ta bayan ƙeya, dabarun da ya koyo tun zamanin yawon kulob. Shi kansa daga baya sun fara isarsa, don ya fi son a saurari kiɗan.

Kundi na biyu, Axis: Bold as Love, ya fito a ƙarshen 1967, a cikinsa Little Wing take. Na uku, Electric Ladyland, ya fito a Oktoban 1968 ya hau matsayi na 1 a Amurka. A ciki ne ya sake waƙar Bob Dylan mai suna All Along the Watchtower, har ta zama mutane da yawa sun fi sanin tasa.

Ƙungiyar Experience ta watse a Yunin 1969. A Agustan shekarar aka yi babban taron Woodstock, shi ne ya rufe shi da safiyar Litinin 18 ga wata, lokacin mafi yawan jama'a sun riga sun kama hanya. A nan ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita, ya cusa masa sauti kamar na jiragen yaƙi da faɗuwar bama-bamai, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Wani abin sha'awa, wanda ya buɗe taron, Richie Havens, shi ma da babban yatsa yake danne tsirkiyoyinsa ta sama. Taron da ya fi kowane suna a tarihin kiɗan rock, da riƙon da malamai ke hanawa aka buɗe shi, da shi aka rufe.

A daren shiga 1970 ya yi wasa a New York da sabuwar ƙungiya, Band of Gypsys, shi da tsohon abokinsa na soja Billy Cox da mai ganga Buddy Miles. Waƙar Machine Gun ta wannan wasan tana cikin abin da ake kafa hujja da shi in ana maganar tura tsirkiya da sa jita kuka.

Rasuwarsa

Ɗaukaka ta zo masa da nata nauyin. Yawon wasa ba hutu, rigimar kwantiragi a kotu, ga kuɗin gina situdiyonsa, Electric Lady, da aka buɗe a New York a Agustan 1970, ga kuma ƙwayoyi da suka yi katutu a harkar kiɗan wancan zamani. Bayan bikin buɗe situdiyon ya tashi zuwa Ingila don wasan tsibirin Isle of Wight, bai sake komawa gida da rai ba.

Ranar 18 ga Satumba, 1970, ya rasu a Landan. Binciken likitoci ya nuna ya sha ƙwayoyin barci fiye da ƙima, amai ya shaƙe shi yana cikin barcin. An kai gawarsa gida aka binne shi a Renton, kusa da Seattle. Kundi uku kacal na situdiyo ya fitar da ransa. Wannan ɓangaren na labarin ba abin koyi ba ne, kuma duk matashin da ke harkar waƙa ya san irin wannan jarabawar ba a Amurka kaɗai take ba. Hannun da ba a taɓa ganin irinsa ba, ƙwaya ta kwantar da shi a dare ɗaya.

Abin Da Ya Bari

A 1992 aka shigar da ƙungiyarsa zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame. Manyan makaɗan da suka biyo baya irin su Stevie Ray Vaughan, John Frusciante da John Mayer, duk za ka ga babban yatsansu a saman wuya, kuma ba su ɓoye daga inda suka ɗauko ba.

Tasirinsa ya iso har maƙwabtanmu. Bombino, makaɗin Abzinawa na yankin Agadas a Nijar, ya koyi abubuwa da yawa ta kallon bidiyon Hendrix lokacin da yake gudun hijira yana yaro. Mdou Moctar kuma, wanda ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, shi ma bahago ne, kuma da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. 'Yan jaridar Turai da Amurka suna yawan kwatanta shi da Hendrix, duk da cewa tushen kiɗansa na gida ne, daga su marigayi Abdallah Oumbadougou.

To wanne riƙo ne daidai? Tarihin jita cike yake da hannuwan da suka saɓa wa littafi. Django Reinhardt gobara ta lalata masa yatsu biyu a 1928, ya ci gaba da zuba kiɗan jazz da biyun da suka rage. Albert King bahago ne da ya kifa jitar bai ma sake jerin tsirkiya ba. Amma wannan ba ya nufin malamai sun yi kuskure. In waƙar tana buƙatar yatsu su ware su kai gaɓoɓi masu nisa, ko gudu mai tsafta, ko jitarka mai faɗin wuya ce, mayar da babban yatsa baya, nan ne wurinsa. In kuma tura tsirkiya za ka yi, ko kana son tushe da kwalliya a hannu ɗaya, ɗora shi sama. Ƙwararru da yawa suna sauyawa tsakanin biyun a cikin waƙa ɗaya.

Ga masu koyo, maza da mata, shawara ɗaya: in hannunka ƙarami ne kada ka takura shi sai ya yi irin na Jimi, kuma duk riƙon da ya sa maka ciwo a tsintsiyar hannu ka sake shi ka gyara. Ka nemi bidiyon wasansa na Monterey ko Woodstock a YouTube, ka bar kallon wutar da rigunan, ka zuba wa hannun damansa ido kawai. Minti biyar ya isa ka ga abin da muke faɗa.